Inji ɗaya ko biyu? Amsa ga Alhajin da ƙanensa ya daina ɗaukar wayarsa

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a nan Maraɗi, gero da wake nake saye ina sayarwa. Bayan rasuwar mahaifinmu muka sayar da wani fili nasa, ni da ƙanena da ƙannenmu mata biyu da Hajiya muka yarda kada a raba kuɗin, a juya su. Ƙanena ya yi shekara shida a Gaya yana tuƙa jirgin ruwan wani, shi ya kawo shawarar mu yi namu. An riga an ƙera jirgin, na katako ne, tsawonsa mita 16, mun sallami kafinta. Saura inji. Ni na ce a sayi babba guda ɗaya, Yamaha mai ƙarfin doki 75. Shi ya kafe sai mai doki 40 guda biyu, wai ya fi gudu, zai yi sawu biyu kafin wasu su yi ɗaya, kuma in ɗaya ya mutu ɗaya na nan. Da na tambayi farashi, biyun sun ɗara ɗayan da kusan jikka 800, wato sefa dubu 800, ga shan mai. Aikin da zai yi shi ne tsallakar da mutane da kaya a kogin Isa, tsakanin Gaya da Malanbil ta ƙasar Benin, ran kasuwa kuma ya gangara Dole da Lolo. Maganar ta kai har ya ce mini na fi son kuɗi da ransa. Mako uku ke nan ba ya ɗaukar wayata, sai dai ya kira Hajiya. Ita kuma kullum kuka, ta ce a sayar da jirgin ma, ba ta son ɗanta a ruwa. Ni iyakar sanina da jirgi kwale-kwalen tafkin Madarunfa. Malam, wanne zan saya, kuma yaya zan yi da yaron nan?

Wani ɗan kasuwa, unguwar Zariya, Maraɗi

Amsa

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa albarka a abin da ya bari.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da na fara lura da shi, kai da ƙanenka ba magana ɗaya kuke yi ba. Kai kana zaune a rumfa da biro kana lissafin jikka 800 da litocin mai. Shi kuwa yana tuna wata rana da inji ya ɗauke masa a tsakiyar kogi, ga mata da yara a jirgi, ruwa na jan su. Bai ba ka labarin ranar ba, amma duk wanda ya yi shekara shida a ruwa yana da irinta. Sai dai da ya zo kare ra'ayinsa a gabanka, ya san kai ɗan kasuwa ne, sai ya ɗauko hujjar da yake zaton za ta shige ka, wato gudu da sawu biyu. Ita ce kuwa mafi rauni cikin hujjojin da ke hannunsa. Kai ka hango rauninta ka ƙi, shi kuma ya ji kamar ransa ka ƙi.

Ba laifinka ba ne da ba ka san ruwa ba. Mu mutanen Maraɗi abin da muka sani shi ne Gulbi, ya cika da damina ya tsorata mu, rani na yi a shuka tumatir da taba a gefensa, yara su yi ƙwallo a cikin yashinsa. Tun ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon gari aka hauro tudu, ba mu sake yarda da ruwa ba. Ni ma fataucin banda ne ya kai ni Tafkin Cadi, ta Boso da Doron Baga, a shekarun da ake kwana a tsibiri ba fargaba, har na yi tarayya da wani a jirgi. A can na koyi ɗan abin da zan gaya maka, wani da kunne, wani da aljihu.

Bari mu fara kawar da maganar gudu, don ita ta ɓata tattaunawar. Doki 40 sau biyu 80 ke nan, naka 75. Bambancin doki biyar ne, kuma biyar ɗin ba za ta kai ga ruwa ba. Inji biyu ƙafa biyu ne a cikin ruwa, wato ɓangaren injin da ke nutse ɗauke da farfela, kowacce na tare ruwa tana jan jirgi baya. Ga nauyi: mai 40 ya ɗan haura kilo 70, biyu sun doshi 145, shi kuwa mai 75 bai wuce kilo ɗari da goma sha wani abu ba. A tsere, ba mamaki ma naka ya riga nasa. Amma abin da ya fi wannan shi ne irin jirgin. Jirgin katako mai ɗauke da buhuna ba ya tashi ya sulala a bisa ruwa kamar ƙananan jiragen jami'an tsaro. Huɗa yake yi kamar garma, yana ture ruwa da ƙirjinsa. Irin wannan jirgi yana da iyakar gudu da tsawonsa ya yanka masa. Mai mita 16, da ya kai wajen kilomita 18 a awa ya fara hawan igiyar ruwan da shi kansa ya tayar, in siriri ne ya ɗan ɗara haka. Daga nan duk totur ɗin da ka ƙara, gindi ne zai nutse, hanci ya ɗaga, mai ya ƙone a banza. Ko kafin a kai iyakar, in ka ninka ƙarfin inji sau biyu, gudun da za ka samu bai fi ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Sannan tsallaken Gaya zuwa Malanbil tafiyar 'yan mintoci ce. Lokacin yana tafiya ne a bakin ruwa, wurin jiran fasinja su cika, 'yan dako su yi lodi, layi ya zo kanka. Ko injin jirgin sama ka ɗaura, ba za ka yi sawu biyu kafin layinka ya zagayo ba. Ƙanenka ya san wannan sarai, ya fi ni sani.

A kan mai kuwa kana da gaskiya, kuma kada ka bari kowa ya kunyata ka don ka yi lissafi. Kuɗin marayu ne da na Hajiya, dole a lissafa. Mai doki 40, irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai, in an buɗe masa totur duka yana shan kusan lita 20 a awa. Biyu lita 40 ke nan. Mai 75 yana shan talatin da 'yan kai. Ka ce bambancin lita shida ne ko bakwai a awa, a yi aikin awa huɗu, an kai lita 25 a yini. Ko mu ɗauki farashin gidan mai, wanda a 2024 aka sauko da shi daga sefa 540 zuwa 499 kowace lita, wato dala ɗari ba tamma ɗaya, ka ga jikka 12 da rabi kullum. A wata ya haura jikka 300. Cikin wata uku man kaɗai ya fi waccan jikka 800 da ke damunka. Ga buji huɗu maimakon uku, man giya na ƙafa biyu, robar famfon ruwa biyu, farfela biyu da za su iya dukan dutse, ladan makanike sau biyu. Man ruwa-ruwa, na fasa-ƙwauri, wanda a da yake rufa wa masu jirgi asiri, tun da Nijeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 arahar tasa ta zama labari.

To amma lissafin nan yana tsayawa ne in kullum injinan biyu za su yi ta ruri tare, da kaya da ba kaya. Mai hankali ba ya haka. Tsallaken Malanbil inji ɗaya ya isa, ɗayan a ɗage ƙafarsa sama ya huta. Gangarawa Lolo ruwa ne ke tura ka, ɗaya ya isa, shi ma ba sai an ƙure shi ba, domin da ka sassauta totur kaɗan shan mai yake faɗuwa ƙwarai, gudun kuwa ɗan kaɗan yake raguwa. Sai a dawowa, ga kaya ga ruwa na dukan ƙirji, a nan ake tayar da na biyu. In aka yi haka, a mafi yawan awoyin aiki lita 20 ce iyakar abin da za a iya sha, ba talatin da wani abu ba. Shi kuwa mai 75 ba ka da yadda za ka kashe rabinsa. Kuma irin waɗannan injina ba sa son a yi ta jan su a hankali yini guda, buji yake yin baƙi ya riƙa ɗaukewa. Ka ga lissafin man da kake ganin naka ne, yana iya komawa nasa, gwargwadon yadda aka tuƙa.

Yanzu ga labarin da ya sa nake jin tsoron ƙanenka, kuma nake cewa shi ma bai gama tunani ba. Wata shekara mun taso daga wani tsibiri da la'asar, jirgi shaƙe da kwalayen banda, da inji biyu a baya masu doki 25. Abokin tarayyata ne ya dage sai biyu, da hujja irin ta ƙanenka, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Da safe mun sayi mai a wurin wani mai durom a bakin ruwa, muka juye a babban bido ɗaya, muka zura tiyo biyu a ciki. Muna tsakiyar ruwa na dama ya fara tari, ya yi shiru. Matuƙi ya yi dariya ya ce ai shi ya sa muka sayi biyu. Bai rufe baki ba na hagu ya yi irin tarin, shi ma ya yi shiru. Aka yi ta jan igiya har tafin yaron jirgi ya sale. Da ya gaji sai ya yanke gindin wata robar ruwa, ya kwance ɗan kusar da ke ƙarƙashin kafireto, ya tara. Ya ɗaga robar saitin rana mai faɗuwa, muka leƙa: fetur ja-ja a sama, a ƙasa kuwa ruwa fari tas, kaurin yatsa biyu, kwance abinsa. Ruwa ya fi fetur nauyi, shi ke zama a gindin bido, kuma a gindin ne bakin tiyo yake. Injinan biyu nono ɗaya suka sha, cuta ɗaya ta kama su. Iska ta tura mu cikin ciyawa, muka kwana sauro na cin rabonsa, sai da gari ya waye muka tace man da hular wani dattijo.

Mu tafki ne, ruwa a tsaye yake, asararmu barci da jini kaɗan. Kogin Isa ba ya tsayawa ya jira ka wanke kafireto. Daga Agusta zuwa Oktoba ga farin ruwa na damina, mai laka da ƙarfi, yana tafe da itace da tarin kainuwa. Wajen Disamba zuwa Fabrairu ga baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga duwatsun Gini ya ratsa fadamun Mali ya iso a makare. Jirgin da injinsa ya mutu a irin wannan lokaci juyawa yake ya ba ruwa haƙarƙari, kuma a Gaya akwai ƙafafun gada a tsaye cikin kogi. Gora ba ta taɓa ƙasa, filafili biyu ba sa juya jirgi mai tan-tan na kaya. Fasinja su firgita su koma gefe ɗaya, sauran labarin ka san shi. Saboda haka inji ɗaya tilo, komai girmansa komai sabuntarsa, ban ba ka shawararsa ba. Sabon inji ma taru yana naɗe masa farfela, leda tana toshe masa mashigar ruwa ya yi zafi, igiyar tayarwa tana tsinkewa.

Amma inji na biyu ba ya zama mafita sai an raba shi da ɗan'uwansa a komai. Tankinsa daban, tiyonsa daban, matacinsa daban, kuma in da hali man da ke cikinsa ba na wurin mutum ɗaya ba, ba na rana ɗaya ba. A riƙa tayar da shi kowace safiya kafin a ɗauki fasinja ko da ba za a yi aiki da shi ba, a ga yana fitsari, wato ɗan siririn ruwan nan da ke tsartuwa ta bayansa, shaidar famfo na sanyaya shi. In iri ɗaya ne a riƙa karɓa-karɓa, yau wannan gobe wancan. Injin da aka rataya wata biyu ba a taɓa shi ba, man ya bushe ya yi danƙo a kafireto, ranar da ake nemansa ado ne kawai.

Da wannan sai tambayar ta canja. Ba ɗaya ko biyu ba ce, biyu ne. Abin da ya rage shi ne wane girma. Aikin na biyu ba ya wuce ya riƙe hancin jirgi ya kai shi gaɓa da kayansa, ba sai ya kai shi gida da gudu ba. A jirage da yawa mai doki 15 yana yin wannan, ga shi bai kai kilo 40 ba, mutum ɗaya na saɓa shi a kafaɗa. Idan mai 40 guda ɗaya yana iya hawa da jirginku cike da kaya, to sabon 40 da ƙaramin 15 ko 25 sun wadatar, kuma kuɗinsu bai kai na shawararsa ba. Idan 40 ɗaya yana nishi, jirgi na tafiya kamar ana riƙe da shi, to 40 biyu. Wannan ba a sanin sa daga Maraɗi, ba a sanin sa a waya, ni ma ba zan san shi daga kan tabarmata ba. Ku yi hayar mai 40 na yini ɗaya a wurin abokan aikinsa, ku loda wa jirgin buhunan yashi daidai nauyin da zai riƙa ɗauka, ku juya hancinsa sama, ku gani. Sai dai ku lura da lokaci. In a watan Mayu ko Yuni kuka gwada, sa'ad da kogi ya janye har shanu na ratsa wasu wurare, ruwan ba shi da ƙarfi, zai yaudare ku. Abin da ya hau da ƙyar a lokacin, da farin ruwa ba zai hau ba.

In ka matsa mini in faɗi inda nake zaton za ku ƙare, 40 biyu ne, saboda dawowa daga Lolo da kaya. Kuma akwai dalilan da suka sa raina ya fi kwanciya da 40 a kan 75, waɗanda ba ruwansu da gudu. Mai 40 shi ne jakin kogin, daga Ayoru har Yawuri. Kowane makaniken bakin ruwa ya san cikinsa kamar yunwar cikinsa, kayan gyaransa na nan a rumfunan gaɓa, ba sai an aika Kwatano ko Anaca an zauna jiran mota ba. In biyu ne iri ɗaya, ranar tsiya a ciro na wannan a sa wa wancan. Mutum biyu suna sauke shi da dare su kai ɗaki, don ɓarayin inji ba sa barci, shi kuwa 75 sai an taru, ƙarshenta a riƙa barin sa a jirgi da sarƙa da addu'a. Da rani kuma, lokacin tudun yashi da duwatsu, matuƙi yana ɗage ƙafar inji sau da yawa a tafiya ɗaya, kuma ɗaga mai 40 da hannu ba ɗaya ba ne da ɗaga mai 75.

Akwai kuma abin da ya kamata ɗan kasuwa irinka ya riga ni gani. Cinikin tsallake a Gaya ya bunƙasa ne saboda rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, amma ɓangarenmu na gadar ya ci gaba da zama a rufe, mutane da kaya suka koma ruwa. Kasuwar da rufe gada ya haifa, buɗe gada yana iya kashe ta cikin mako guda. A ranar, mai 75 zai tsaya yana neman mai saye cikin 'yan tsirarun da ke da babban jirgi, su ma kowa na neman sayar da nasa. Mai 40 kuwa ko masunci ya saya, ko a ɗaura ɗaya a wani ƙaramin jirgi a sayar da ɗaya. Kuma tunda dukiyar ta mutum biyar ce, abin da ke rabuwa biyu ya fi wanda ba ya rabuwa sauƙin sha'ani, Allah ya sa ba za a kai ga haka ba.

Kafin ka biya ko dala, a tambayi kafinta abu biyu. Na farko, katakon baya inda ake maƙala inji, an yi shi da faɗin da zai ɗauki biyu har su juya dama da hagu kawunansu ba su gwabza ba, kuma da kaurin da zai jure nauyi da girgizarsu? Jirage da yawa gindinsu a tsuke yake, gurbin inji ɗaya aka yi musu. In haka ne sai an ƙara aiki, a sa shi cikin lissafi. Na biyu, tsayin katakon. Injin yana zuwa da gajeriyar ƙafa ta wajen santimita 38 da doguwa ta wajen 51. Ka sayi gajere a dogon katako, farfela ta riƙa shan iska tana ihu ba ta tura komai. Ka sayi dogo a gajeren katako, ta riƙa noman yashi. Kuma a haɗa injinan da sandar ƙarfe yadda hannu ɗaya zai juya su tare, kada a ce matuƙi ya riƙe wannan yaron jirgi ya riƙe wancan. Farfelunsu duk gefe ɗaya suke juyawa, jirgin zai riƙa ɗan ja gefe, ƙanenka zai saba da shi cikin kwana biyu.

In kuɗi suka gaza har aka ce ɗaya ya zama na hannu, to ɗaya dai ya zama sabo. Na hannun kuma a je da makanike, ba dillali ba. A kwance kusar man giya a gani, in ya fito fari kamar kindirmo ruwa na shiga, a bar shi. Wanda ya yi aiki a teku, ta Kwatano ko Legas, za ka ga farin gishiri a gindin kusoshi, cikinsa ya fi wajensa lalacewa komai kyan fentin. A duba lambar jikinsa ta yi daidai da ta takardar duwan, don akwai na sata, akwai kuma na kwaikwayo da aka manna wa sunan Yamaha. Sabo kuma yana da awa goma na farko da ake lallaɓa shi, a ninka masa baƙin mai, kada a ƙure totur. Bayan nan abin da aka fi sani lita 1 ta baƙin mai ga lita 50 ta fetur, amma a bi abin da littafinsa ya ce, kuma man da aka yi don injin ruwa, ba ragowar na babur ba.

Ga abin da ya fi damuna a duk wasiƙarka, kuma ba ka tambaye ni shi ba. Inji biyu suna sa wa matuƙi girman kai. Zai ji yana da ƙarfi, ɗan kamasho ya ce a ƙara buhu goma, a ƙara babur biyu, a ƙara mata biyar da ke sauri, jirgi ya nutse har ruwa na lasar bakinsa. A watan Mayun 2021 jirgin da ya taso daga Lokon Minna zuwa Wara a jihar Kabi ya tarwatse a ruwa da mutane sama da 150, waɗanda aka ceto da rai ashirin ne da 'yan kai. Ba ƙarancin inji ya kashe su ba, lodi ne a kan tsohon katako. Saboda haka ranar da kuka yi gwajin buhunan yashi, ka sayi gwangwanin jan fenti, ku ja layi a jikin jirgin daga waje, kai da shi, da hannunku. Ruwa ya taɓa layin, lodi ya ƙare, ko wane ne ke roƙo. Ka ware kuɗin rigunan ruwa tun yanzu, da anga mai doguwar igiya, da bokitin kwarfe ruwa, da fitila, da 'yar jakar buji da farfela ta ajiya. Kuma ba tafiyar dare.

Layin fentin ba zai yi aiki ba in ka ɗora masa balas, wato kullum sai ya kawo kaza ko an samu ko ba a samu ba. Wanda aka yanka wa balas, ranar da kasuwa ta mutu shi ne mai ƙara lodi, shi ne mai rage baƙin mai a gauraye, shi ne mai sayen man durom mai araha. Ku yi kaso: a cire mai, a cire wani abu a ajiye don gyara, sauran a raba, ladan tuƙinsa daban da rabonsa na gado. Ku zauna gaban malamin da ya raba muku gado ya tsara muku shi bisa shari'a, a rubuta, kowa ya sa hannu har 'yan matan. Na lura a wasiƙarka ba ka ce an tambaye su komai ba, alhali da kuɗinsu a ciki. Ka tambaye su. Ba mamaki su ce maka a sayi biyun a huta, ɗan'uwansu ne a ciki.

Hajiya kuwa kada ku rufe ta da "ba komai". Ta san da komai, shi ya sa take kuka. Ka gaya mata abin da aka tanada dalla-dalla: inji biyu kowanne da tankinsa, riga a jikinsa kullum, layin da ba a wucewa, ba dare. Ka roƙe ta ta sa albarka. In bayan duk wannan ta ce a'a har zuciyarta, to wannan wata magana ce da ta fi ta inji girma, sai ku sake zama.

Maganar da ya faɗa maka ta yi zafi, kuma bai kyauta ba, kai ne wa, kai ne makwafin uba. Amma kada ka jira ya kira ya ba da haƙuri, kuma kada ka aika masa dogon saƙon murya a WhatsApp, zai saurara ne yana neman inda zai kama ka. Ka shiga mota. Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, ka karya kudu zuwa Gaya, sama da kilomita 600, yini guda ne cur, na sani. Kada ka gaya masa kana tafe, Hajiya ma ka roƙe ta ta yi shiru. Ka sauka ka nemi bakin ruwa, za ka same shi a can. In kun gaisa kada ka tayar da abin da ya wuce, ka ce masa, "Na zo ka nuna mini jirginmu, kuma ka tsallaka da ni a wanda kake tuƙawa." Ka zauna a tsakiya, ka sa rigar ruwa ko da 'yan dako za su yi maka dariya. In kun kai inda ruwa ya fi ƙarfi, nesa da gada, ba fasinja, ka ce ya kashe injin na minti ɗaya ka ji. Bayan nan ku je ku nemo buhunan yashin.